Giɓin da Na Dawo da Shi daga Makka

Tun da na dawo ƙafa ba ta ɗauke daga gidanmu ba. A zo a sha zamzam, a karɓi dabino da kwalli, a gyara zama a ce, "Hajiya, ba mu labari." Da na buɗe baki zan fara, sai in ga idanu sun bar fuskata sun shige cikin bakina. Lami ce, ƙawata tun muna tallan fura, ta kasa haƙuri ta ce, "Ke kam Asabe kin ba da mu. Kowa ya dawo yana walƙiya da haƙorin Makka, ke kin dawo da giɓi kamar ƙofar gari." Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da ɗan bokon da muka koya a ajin yaƙi da jahilci, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Kun san ni dai. Kafin wannan tafiya iyakata kasuwar Ɗambatta, ita ma sai ta kama dole. Malam ya riga ya sauke nasa faralin, sai ya ce in bi Yaya Sule, wana, telan nan na bakin tasha. Da labari ya bazu, matan unguwa suka yi ta zuwa da saƙon addu'a. Lami ta ce in roƙa mata ɗanta da ya tafi Kurmi ya yi shiru ya waiwayo gida. Inna Kulu idonta. Wata haihuwa, wata zaman lafiya da miji, wata ta raɗa mini nata a kunne, kuma a kunnen zai zauna. Na yi musu alkawari ranar Arfa zan kira sunan kowace da bakina, ba a zuci ba. Ku riƙe wannan, don shi ne jigon labarin.

Daga Kano muka hau babbar mota, mata a kan buhuna, maza a rataye a gefe. Muka kwana Yerwa, muka ƙetare ruwa zuwa Fallomi ta ƙasar Cadi, mota da mutane duk a cikin jirgi ɗaya, ina ta salati. Daga nan sai rairayi. Mota ta kafe, a sauka a tura, a hau, ta sake kafewa. A iyakar Sudan wani ma'aikaci ya kwance ƙullina na daddawa, ya sinsina, ya yi tsalle baya yana a'uziyya. Ya ce, "Da shinu, ya hajja?" Na gane tambaya yake yi, na ce, "Abin miya ne, ɗan nan." Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya sinsina, suka yi ta shawara kamar an kama gawa. Wata Bakatsiniya mai sayar da shayi a wurin, wadda ta taso hajji tun tana amarya ta maƙale a nan, ita ta yi musu bayani. Suka miƙo mini abina da sanda.

Abincinsu kisira, kamar sinasir ɗin da ya yi jinya ya rame, sai miyar busasshiyar kuɓewa wadda ta tuna mini gida. A Lubayya, inda muka hau jirgin ƙasa, na sayi dabino. Ashe nasu jiƙa shi ake yi ko a tsotsa a hankali. Ni kuwa na sa masa haƙori kamar goro. Sai na ji ƙas! Haƙorina na ƙasa, na bayan fiƙa, ya tsage. Na danna masa kanumfari na yi shiru. A jirgin ruwa amai bai bar ni na tuna da shi ba.

Zancen ganin Ka'aba kuwa ba zan iya rubuta shi ba. Na dai san na tsaya, kuka ya zo, addu'ar da na yi ta haddacewa tun daga Jidda ta gudu. Wanda Allah ya kai zai gane.

Da muka gama umara aka sauke mu a Misfala, unguwar da ke kudu da Harami, a gidan wata tsohuwa, Hajja Saudatu. Mutuniyar Sakkwato ce, an goyo ta aka zo da ita, ba ta sake ganin gida ba, amma Sakkwatancin na nan daram. Gidajensu a kan juna suke, ba tsakar gida. A kan soro ake girki, a kan soro ake shanya, a kan soro ake hira. Da safe wake ake dakawa a zuba mai, a ci da wata faffaɗar gurasa mai suna tamis. Shayi kuwa a ɗan kofin da bai kai kurɓi uku ba, amma sai a yini ana zubawa. A lungu za ki ji yara baƙaƙe kamar namu suna faɗa da Larabci, uwa ta leƙo ta taga ta zage su da Hausa, su amsa da Larabci. Na yi ta mamaki.

Haƙori kuwa ya farka. Wata 'yar ɗakinmu ta ce, "Ke, ai ga ki a garin magani. Je ki a rufe shi da zinare. Iska ce ke shiga. In an toshe, ga magani ga ado." Maganar ta shige ni. Dama kowace cikinmu da niyyar sa haƙori ta zo. Muka je wani ɗan shago a lungu, mai haƙora jere a cikin gilashi. Mutumin bai tambaye ni komai ba. Na nuna, ya goge, ya liƙa, ya miƙo madubi. Ranar duk wanda na gamu da shi sai na yi masa dariya, ko bai ce komai ba.

Kwana ɗaya na ci moriyarsa. Kumatu ya kumbura kamar na cusa ƙwallon mangwaro, zazzaɓi ya rufe ni, muƙamuƙi ya kulle. Ko cokali ba ya shiga, sai dai a ɗura mini koko ta gefe. Yaya Sule ya zo duba ni ya ce, "Ikon Allah. Tun da aka haife ki yau ne kunnena ya fara hutawa." Dariya yake yi, amma na ga damuwa a idonsa. Fita Mina ta matso, mutane sai wankin harami suke yi. Ni ga ni kwance, ko Labbaika ba ta fita. In zazzaɓin bai sauka ba ma, wa zai ɗauke ni zuwa Arfa? In an kai ni, da wane baki zan isar da saƙon mutane? 'Yan ɗaki suka ce Allah na jin na zuci. Na sani. Amma ba haka na yi alkawari ba.

Hajja Saudatu ta ɗaga mini leɓe da yatsa, ta ga zinare, ta dafe ƙirji. "Ya Laɗif! Wa ya yi miki wanga aiki? Tashi, yalla, mu tahi Jarwal wurin 'yan rabiɗa."

Rabiɗa, kamar yadda na gane daga baya, zumunta ce, ƙungiyar masu koyon aikin haƙori. Ɗakinsu na ƙasan wani tsohon gida. Da shigarmu na ga tukunya na tafasa a kan risho, na ce a raina mutanen kirki, har sun ɗora mana girki. Aka buɗe, sai ga awartaki da ƙarafa. A tsakiya ga kujera mai majingin kai, a gefenta wani inji mai feda. Yaya Sule ya manta da ni sarai, ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashinsa. "Kai, wannan ai keken ɗinki ne aka sauya wa kai!"

Wani dogon saurayi cikin farar jallabiya ya fito. Jikan Hajja Saudatu ne, Abdurrahman, suna ce masa Dahman. A Masar yake karatun likitan haƙori, ya dawo aikin lokacin hajji, kamar sauran 'yan'uwansa. A Makka aka haife shi, Hausarsa duk a bakin kakarsa ya tsince ta. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Sannu ɗiyata. Mi ya same ki, 'yar nan?"

Hajja Saudatu ta kai masa duka da mafici. "Kai Dahman, ta isa haihuwarka! Ce mata inna."

"Ma'alesh, ya sitti. Sannu inna, ɗiyata."

Dariya ta taso mini ba ta da hanyar fita, sai ta hanci.

Bai taɓa ni ba sai da ya zauna ya faɗa mini komai, rabi Hausa rabi Larabci, kakarsa na cike giɓi. Ya ce haƙorin ya ruɓe daga ciki, da can mugunya na samun hanyar fita, zinaren ya toshe ta, shi ne ta koma cikin nama. Ya ce dole a cire, amma ba yau ba, sai kumburi ya sauka baki ya buɗu. Zai yi mini allura, in riƙa zuwa safe da la'asar, in riƙa kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Ya ce, "Kin yarda? In kin yarda ɗaga hannu." Ni da ko unguwarzoma ba ta taɓa tambayata na yarda ba! Na ɗaga. Na nuna masa hanyar Arfa da yatsa. Ya gane. Ya ce, "In sha Allah. Amma ba ni yi miki alkawali."

To, a wannan zirga-zirgar ne na ji tarihinsu. Da bakina na aiki da ban ji ba, don da ni zan cika ɗakin. A ƙofa akwai wani dogon benci na igiya, inda wani tsoho ke zama, Ammu Haruna, wato Baffa Haruna. Iyayensa mutanen Haɗeja ne. Shi da Yaya Sule suka ƙulla, Yaya na ba shi goro, shi yana ba shi labari, ni ina daga ciki da tsumma mai ɗumi a kumatu, kunnena a waje.

Yaya ya ce, "Baffa, wai wa ya koya muku wannan aiki?"

Ya ce, "Sata, ya shaikh. Satar ido. Muna samari mu uku ne, ni da wani Bajawe, wato ɗan ƙasar Jawa, da wani mutumin Yaman, kowa na yi wa mai shagonsa shara da hura wuta. In an zo wurin da aikin yake, sai maigida ya aike ka sayen shayi. Kowane ubangida da abin da ya iya da abin da yake ɓoyewa. Nawa ya iya cira, na Bajawe ya iya zuba zinare, na ɗayan ya san magani. Sai muka ce, ɗayyib, ran Juma'a bayan la'asar mu haɗu, kowa ya zazzage abin da idonsa ya ɗauko."

"A bakin wa kuke gwadawa?"

"A bakin rago! Bayan layya kawuna sai ka ɗiba a Mina. Mu ɗauko, mu yi ta cire turame. Wanda ya karya saiwa shi zai babbake kan. In mun gama mu dafa mu cinye malaminmu."

Ya ce da farko wasa-wasa ne, babu wata doka. Sai wata shekara aka kawo musu wani alhaji, mutumin ƙasarmu, wanda ya shekara bakwai a hanya yana noma yana matsowa. An rufe masa ruɓaɓɓen haƙori da azurfa a wani shago. Ba su da allura a lokacin, ba su da abin yi. Gari ya watse aka tafi Arfa, shi yana kwance a soro bai san inda yake ba. Ya tashi daga baya, amma hajjin wannan shekara ta wuce shi. Ammu Haruna ya ce, "Mutumin nan bai zagi kowa ba. Ya dai zauna yana kallon masu dawowa daga Mina. A ranar muka ɗora hannu a kan hannu muka ce mu kam ba za mu rufe ciwo da ƙarfe ba, ko na sarki ne. Kuma ba mu taɓa bakin baƙo sai an faɗa masa da harshensa abin da za a yi. Shi ya sa duk wanda zai shigo cikinmu sai ya zo da harshe ɗaya na alhazai. Dahman da Hausar tsofaffi ya shigo."

Ina jin labarin alhajin nan na jawo kofin kurkure. Na ƙara gishiri a ruwa.

Wata la'asar Yaya ya tambaye shi yadda aka yi 'yan boko suka shigo. Ya ce da aka fara tura yara karatu Masar, su tsofaffi sun ɗauka shi ke nan, za su dawo da takarda su ce musu wanzamai. "Sai ga wasiƙar baki daga wani alhaji, wai yaranku sun kama ɗaki a Alƙahira, duk Juma'a suna sayen kan rago. Har sun jawo 'yan Sudan da 'yan Sham. Wanda ya yi gaba ya koya wa na baya, wanda ya gama ya bar wa ƙane kayan aikinsa. In sun dawo su zazzage mana, kamar yadda muka saba. Tafasa ƙarfen nan su suka kawo. Da, wallahi, a gefen riga muke gogewa."

Dahman ya leƙo ya ce, "Har yanzu sai na ɓoye mishi riga."

"Uskut, ɗan banza! Wa ya koya maka riƙon awartaki?"

Ana gobe fita Mina yatsa biyu suka shiga bakina. Dahman ya ce yau ne. Na hau kujera, Hajja Saudatu ta riƙe mini kai, ya yi mini allurar da suke kira banju, leɓena ya zama kamar na wani. Sai Ammu Haruna ya taso daga bencinsa, ya tsaya a bayan Dahman, hannuwa a goye. Ashe wannan ma dokarsu ce: ɗan rabiɗa ba ya cire haƙori shi kaɗai, sai da ɗan'uwa tsaye, ko da wanda ke cirar ya fi shi sani. Na ji ana girgiza, na ji kamar ana tumɓuke rogo a cikin kaina. Dahman na cewa, "Sabur, inna, sabur, saura kaɗan." Can ya ɗaga awartaki. Tsoho ya karɓa, ya juya shi a haske, ya ga saiwa ta fito cif. Ya ce, "Ba za ka babbake kai ba."

Suka ɓare zinaren suka wanke suka ba ni. Haƙorin kuwa suka naɗe shi a farin ƙyalle. Ba sa zubarwa a shara, wai jikin ɗan Adam ne, binnewa suke yi. Da na tofar da auduga, maganar da ta fara fita ita ce, "Yaya, ina ka kai goron da na ba ka ajiya?" Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Shi ke nan, hutu ya ƙare."

Na je Arfa da ƙafata. Kumatu da saura, zafin rana kamar a gasa gurasa, amma baki na buɗuwa. Bayan azahar na fuskanci alƙibla na fara, gida-gida, tun daga bakin rijiya har ƙarshen layinmu, yadda nake bi in zan kai gaisuwar suna. Kowane suna sai ya fito da ɗan fito, iska na bi ta giɓin. Wata Baturkiya kusa da ni ta yi ta juyowa tana duba. Ban fasa ba har na kai kan ta ƙarshe, mai saƙon raɗa. Ita a hankali na faɗi nata.

Da muka dawo daga Mina na koma Jarwal da zinarena a ƙulle, na ce a mayar mini a kan lafiyayye, kada in koma gida a yi mini dariya. Na tarar da su cike da ɗaki, Juma'a ce, ana shigar da wani sabon ɗalibi, Bajawe. Ga kan rago a faranti, ga shi yana gumi da awartaki, sauran na yi masa tsiya. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai gardama ta tashi, ashe tsohuwa ce a tsakaninsu. Ammu Haruna ya ce sa wa lafiyayyen haƙori zinare ba laifi, ado ne, mutane sun yi tafiyar wata da watanni, a bar su su koma da alama. Dahman ya ce kafin zinare ya zauna sai an kankare haƙorin, kuma abin da aka kankare ba ya tsirowa. Ɗaki ya rabu biyu, Larabci na tashi kamar ana rabon gado. Can tsoho ya buga sanda ya ce, "Halas! Bakin wa? A tambayi mai shi."

Dahman ya juyo. "Inna, in kin ce a sa, ni da kaina za ni sa miki, in yi shi da kyau. Amma Allah ya ba ki shi lahiya lau."

Na zagaya harshe na taɓa haƙoran da suka rage, ɗaya bayan ɗaya. Na dubi injin nan mai feda da ake kankarar haƙori da shi. Na ce, "Ɗana, bar su. Wanda ya tafi ya isa." Suka sa mini dafaffen naman kan rago a kwano, har da harshe. Yaya Sule da ya rako ni ya ce wannan kam ba ta buƙatar ƙarin harshe.

Zinaren na nan ƙulle a bakin zanena, mai son gani ta zo in kwance mata. Ke kuma Lami, da kika ce giɓina kamar ƙofar gari, ban musa ba. Ta nan sunanki ya fita ranar Arfa, da na ɗanki, har sau uku. Ranar da ya yi sallama a ƙofar gida, ki aiko a kira ni, in zo in yi miki dariya da shi a buɗe.